Tsakanin Jigawa da Fadama

Ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanki wani ɓangare na tsohuwar Jihar Kano aka yi sabuwar jiha, sai aka raɗa mata suna Jigawa. Jigawa kuwa, a bakin manomi, tudun rairayi ne: ƙasa mai sauƙin huɗa, mai saurin shanye ruwa, wadda gero da gyaɗa da riɗi suke so. Wanda bai san yankin ba, in ya ji sunan, zai ɗauka babu komai can sai yashi da ƙaya. To, ya daure ya wuce Haɗejiya a ƙarshen damina, ya nufi Kirikasamma ko Guri, ya ga ruwa kwance dama da hagu har inda ido ya gaza, kwalekwale na ratsa filin da aka yi kiwo a cikinsa da rani.

Babu saɓani a nan, domin jigawar ce ta haifi fadamar. Kogin Haɗejiya, wanda haɗuwar Kogin Kano da na Challawa ne, da Kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos, in sun iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai su tarar da jerin tsofaffin jigayi da iska ta tara tun dubban shekaru, zamanin da hamada ta matso kudu fiye da inda take a yau. Ruwan ba ya samun miƙaƙƙiyar hanya. Sai ya rarrabu, ya bi tsakanin tudu da tudu, ya kwanta a nan, ya malala a can, kafin abin da ya rage ya tattaru ta wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Shi ya sa manomin yankin ba ya dogara da gona guda. Geronsa na jigawa, shinkafarsa na fadama; in fari ya cinye wancan, wannan ta rufa asiri.

Daga kan jigawa zuwa cikin fadama tafiyar ɗan lokaci ce da ƙafa, amma tazarar cike take da sunaye. Su ne suka tsaya mini a rai tun da muka kai yara Baturiya cikin hunturu.

Baturiya tana Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, daji da ruwan da ke kewaye da ita kuma keɓaɓɓen gandu ne na tsuntsaye. Kada mai karatu ya hango irin hanyar katakon nan da aka shimfiɗa a gandun Lekki na Legas, wadda mutum zai bi ya fito ƙafarsa tas. Wadda muka bi hanyar ƙafa ce da masunta da shanu suka tattaka. Ta sauka daga bakin gari, ta ratsa cikin goruba, ta bi gaɓar ruwa, ta karkato ta dawo. Gajeriya ce, har mahaifiyata da ke fama da gwiwa ta ce za ta iya. Ita a wani ƙauye na bakin kogi aka haife ta, aure ya kai ta Kano. Jikokinta kuwa 'yan birni ne na sosai, ruwan famfo da na kwata kaɗai suka sani.

Wani dattijo da ke gyaran koma a gindin tsamiya ya amsa sallamarmu, ya dubi takalman yaran, ya ce, "Sannunku da hanya. Kifi za a saya?"

Na ce, "A'a, Baba, kallo muka zo."

"Kallon me?"

"Ruwa da tsuntsaye."

Ya yi dariya har ya ajiye zaren hannunsa. "Ikon Allah! Da Turawa muka sani da wannan sana'a. To, a sauka lafiya, a dai kula da yara a bakin ruwa."

Bai yi ƙarya ba. A 1989 har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, sai da ya zo Dagona ta ƙasar Bade don ganin tsuntsayen wannan ruwa. Mu kuwa tafiya a wurinmu sai da dalili: fatauci, zumunci, neman ilimi, dubiya. Wadda ba ta da ko ɗaya daga ciki yawo ce, yawo kuma ba ya cika zuwa shi kaɗai, "banza" na biye da shi a baya. Mukan sassauta mu ce shan iska, rediyo da jarida kuma su ce yawon buɗe ido. Na fi son ta ƙarshen, don ko ba komai ta amsa cewa mutum na iya yin shekaru yana kallo bai gani ba.

Da muka kama hanya, ƙasa ce ta fara sauyawa. Rairayin da ke cika takalmi ya ƙare, muka shiga baƙar ƙasa mai tauri wadda ta tsattsage, tsagar har yaro na iya zura yatsunsa. Gaba kaɗan ta fara laushi. Babban ɗana ya taka, takalminsa ya maƙale, ya ɗaga murya wai ya shiga laka.

Kakarsa ta ce, "Kai maigidan, taɓo ka shiga. Laka ga ta can baya ka wuce kana tsalle, da ita ake ginin tukunya. Na gabanka kuma caɓi ne, shi wando kawai yake ɓatawa. Ka fito a hankali, don in taɓo ya riƙe ka ni ba ni da ƙarfin ciro miji."

Yaron ya ɗauka tsokanar kaka da jika ce kawai. Amma duk wanda ya taɓa koro jaki da kaya ta fadama ya san wannan bambanci ba ado ba ne. Wanda aka ce masa akwai caɓi a hanya zai naɗe wando ya wuce. Wanda aka ce masa akwai taɓo zai rage wa dabbarsa kaya, ko ya sake hanya.

Da ruwan ya bayyana sai auta ta daka tsalle ta ce, "Ga kududdufi!" Wannan kam ya sosa wa tsohuwa rai. Kududdufi rami ne da mutane suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan sama ya cika shi, unguwa ta mai da shi juji. Shi ne kaɗai kwantaccen ruwan da yarinyar ta sani, shi ɗin ma a Kano ana ta cike shi ana gini a kai. Abin da ke gabanmu tafki ne. Ba wanda ya haƙa shi. Kogi ne ya cika shi da damina, ya janye ya bar shi. Kogi shi mai tafiya ne, mutanen yamma daga Sakkwato da Katsina har Maraɗi sun fi ce masa gulbi, ga Gulbin Maraɗi nan shaida. Ƙorama ƙarama ce, ta yi gudu da damina, ta ƙafe da rani. Rafi ya ɗauki ruwan ya haɗa da lambun da ke bakinsa, shi ya sa ake cewa noman rafi. Dausayi kuma wurin da danshi ba ya yankewa ne, ciyawa kore shar ko da bazara, kalmar da marubutan soyayya suka ara suka yi ta juyawa har wasu matasa suka ɗauka sunan wani yanayi ne na zuciya.

Haddar ƙamus ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, wanda kalma ɗaya tak yake da ita, wato "ruwa", ba zai lura da ranar da tafki ya koma kududdufi ba.

A wata 'yar kusurwa da iska ba ta kaɗawa sosai, wani koren tsiro ya rufe fuskar ruwa. Mahaifiyata ta miƙa sandarta ta jawo guda, ta ɗaga ta ba 'yata ta tsakiya. Ganyen a tattare yake kamar ƙaramin latas, mai kauri, da wani gashi-gashi mai laushi a jiki wanda ba ya jiƙa. In ka ɗiga masa ruwa sai ɗigon ya dunƙule ya gangare. A ƙasa saiwoyi ne dogaye, baƙi-baƙi, suna zubar da ruwa, babu ko ƙwayar ƙasa a jikinsu.

"Kishiya, kin san wannan?"

"A'a, Kaka."

"Kainuwa ke nan."

Yarinyar ta yi shiru, ta juya shi a hannu, sannan ta ce, "Dashen Allah?"

Ashe ta san kirarin. Ta ji shi a bakin maroƙa, ta gan shi a bayan manyan motoci da allunan 'yan siyasa, har ta ɗauka Kainuwa sunan wani mutum ne da ya yi zamani. Ba ta san akwai wani tsiro da ake nufi ba, balle ta san dalili: ba wanda ya shuka shi, ba shi da gindi a ƙasa, amma ga shi kore shar yana yaɗuwa. Masu yi wa kansu wannan kirari rabin maganar suke ɗauka, wato ba wanda ya dasa ni. Ɗaya rabin sai wanda ya tsaya a bakin tafki yake ganinsa. Iska kaɗan ce ke kwashe kainuwa daga wannan gaɓa ta kai ta waccan, kuma ranar da ruwan ya janye, nan inda ya bar ta take bushewa. Da na ga yawan masu sauya sheƙa cikin waɗanda suke maƙala kirarin a jikin hotonsu, sai na ce watakila sun fi mu sanin tsiron.

Tun asuba tsohuwa take azalzalarmu mu fito, sai a nan na gane saboda bado ne. Farin bado da dare yake buɗewa, hantsi na ɗagawa ya rufe. Mun same shi ya fara tsukewa. Yara suka yi ta ɗaukar hoton fure, ita kuwa can ƙasan ruwa hankalinta yake. Ta ba su labarin yadda mata kan shiga ruwa har ƙugu su tono gindin bado, su tara 'ya'yansa su shanya, da yadda ya riƙe gidaje da yawa a shekarun yunwa. Autar ta tambaya ko yana da daɗi. Ta ce, "Ranar da ake cin sa, ba a wannan tambayar."

Jami'in gandun da ya raka mu, wani saurayi mai madubin hangen nesa rataye a wuya, ya nuna mana wata ƙatuwar tsuntsuwa can tsallake, baƙa, da fari a ƙirji da ciki, bakinta ja. Ya ce dinya ce. 'Yata ta rubuta sunan a waya don ta ga bayani, sai ga hotunan baƙaƙen 'ya'yan itace. Ɗinya itaciya ce, dinya tsuntsuwa, kuma a baki ba Bahaushen da zai rikita su. Amma mun saba rubutu ba lanƙwasa, don haka a waya sun zama abu guda, wadda aka fi ambata ta haɗiye 'yar uwarta. Ana sayar da ɗinya a kowace tasha. Dinya kuwa sai an zo irin nan.

Garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya yana fito, fararen fuskokinsu na walƙiya a rana. Zalɓe na tsaye cikin ruwa ko motsi ba ya yi, har yara suka yi gardamar ko mai rai ne. A gefen tudu shanun Fulani na kiwo, belbela na bin sawunsu. Na sa yaran su tsaya su zuba ido. Sa ya ɗaga ƙafa, fara ta tashi daga ciyawa, belbela ta cafke. Ci da motsin wani ke nan, aka yi shi a gabansu. A birni in an jefi mutum da wannan magana zagi ne, ana nufin ci-ma-zaune. A nan kuwa ko ƙwayar ciyawa san bai rasa ba. Mu ne muka ɗora wa kirarin ƙyashi.

Shamuwa ba ta nan, ba a kuma sa ran ganinta. Ita gaban damina take zuwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari ba mai taɓa ta, ruwa na ɗaukewa ta yi kudu. Tana tafiya wasu ke isowa daga arewa: ƙananan agwagi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tasowa daga Turai da Siberiya, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a nan, su koma kafin zafi ya tsananta. Masu ƙidaya sun rubuta fiye da irin tsuntsu 370 a fadamun Haɗejiya da Nguru. Saboda su ne duniya ta san wurin. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare irin waɗannan wurare a garin Ramsar na ƙasar Iran. Tafkin Nguru da hanyar ruwan Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta shigar ƙarƙashinta, a shekarar 2000, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. A ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince gandun fadamar Haɗejiya ya shiga cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10.

Tsohuwa ta saurari duk wannan, ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Ɗana, ina gauraki?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya, tun da na fara aiki ban taɓa ganin ko ɗaya a daji ba. Sai dai a gidajen masu hali."

Ta tsaya ta dogara sanda. Ta kwatanta wa jikokinta tsuntsun: dogo, baƙi-baƙi, da fari a fiffike, da tukku mai ruwan zinariya a ka, da yadda biyu kan buɗe fukafukai su yi ta tsalle suna rawa a fili, da kukansu da ake ji tun daga cikin gari. Gauraka ta kusa ƙarewa a dazukan Najeriya. Kamu don sayarwa ya ci wasu, lalacewar wuraren da suke ƙwai ta ci saura. Sunan dai na nan daram a bakin mutane. Kainuwa an sa sanda an jawo ta an ɗora wa yarinya a hannu. Wannan sai dai su yarda da abin da kakarsu ta faɗa.

Inda hanyar ta karkata akwai giyayya, itaciyar da ke jure tsayuwa cikin ruwa wata da watanni. A jikinta akwai zoben busasshen taɓo daidai ƙirjina, sama da shi ɓawon fes. Nan ruwa ya kai a ƙarshen damina. Muna tsaye a kan busasshiyar ƙasa da takalmanmu, a wurin da watannin baya sai da kwalekwale. Mai yiwuwa ma a ƙarƙashinmu akwai gaiwa, kifin nan mai huhu, wadda in ruwa ya fara ƙafewa takan nutsa cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar shaƙar iska, ta kwanta tana cin jikinta har wata damina. Yaran suka ƙi yarda akwai kifi a cikin ƙasa, sai da jami'in ya rantse musu cewa da fartanya ake haƙo ta.

A gindin giyayyar nan ne ma'anar fadama ta fi fitowa fili. Fili guda ne, amma karɓa-karɓa ake yi a kansa. Da saukar ruwan sama mai shinkafa zai shuka, ambaliya ta zo ta tarar da ita ta yi ƙarfi, su tashi tare. Kifi ya biyo ruwan ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa, ruwa na fara ja da baya masunta su tare shi da koma da mali da fatsa. Inda ruwan ya bari da danshi sai a bi shi da wake da sauran amfanin rani. Can da rani ya tsananta, jeji ya bushe, Bafulatani ya gangaro da shanu su ci burugu da ragowar gona, su bar taki. Kowa da lokacinsa, kowane lokaci da mai kula da shi: sarkin ruwa, sarkin noma, arɗo, da bulama a kan gari. Burtali da mashaya da makiyaya ba a rubuce suke ba, amma doka ce, duk wanda ya nome su ya san ya yi laifi. Duk tsarin a kan abu ɗaya ya rataya, wato ruwa ya zo da yawa a lokacinsa, ya kuma tafi a lokacinsa.

A 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Ba zan zage su ba, don ruwan da nake sha a Kano da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa duk akwai albarkarsu a ciki. Amma aikin madatsa shi ne ta tare ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. A can ƙasa sai ambaliyar da ake jira ta ragu, rani kuma ya daina busar da hanyoyin ruwa. Farin shekarun 1970 da 1980 ya zo ya ƙara. Ruwan da kan mamaye fiye da murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, a wasu shekarun 1980 ko rabin haka bai kai ba.

Wadda ta ci ribar wannan sauyi ita ce kacalla. Doguwar ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, kuma ba baƙuwa ba ce, da ma tana nan, rani ne ke taka mata burki. Da ta samu ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa sai ta bazu, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta. Ruwa ya rasa hanyarsa ta da, ya karkata. Garuruwan da ke bin Marma zuwa Nguru suka ga gonakinsu sun nutse ba ranar fitowa, na bakin hanyar ruwan Burum Gana suka zauna jiran ruwan da ba ya isowa. A cikin kacallar tsuntsun jan baki ke kwana, gari na wayewa ya faɗa wa shinkafa da gero. A cikinta sauro ke ƙyanƙyasa, da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Mutane kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje su sare ta, kafin shekara ta zagayo ta dawo. Ƙarshen hanyarmu ma ita ce ta tare mu, ta yi katanga ba a ganin komai ta bayanta. Jami'in ya ce can ciki akwai wani tafki da iyayensa suka yi su a cikinsa, har yau da sunansa ake kwatance. Shiga jerin Ramsar abin alfahari ne, ba shakka, amma takarda ba ta sare kacalla.

Ba a rasa masu faɗakarwa ba tun da wuri. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru, masanan da suka yi aiki da shi kuma suka zauna suka yi lissafi a farkon shekarun 1990. Suka gano cewa, awo da awo, ruwan da aka bari ya malala cikin fadama ya fi kawo amfani, in an haɗa noma da su da itacen wuta, a kan wanda aka tare don manyan gonakin ban-ruwa na sama. Suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun da damina, a kwaikwayi ambaliya irin ta da. Manoma da masunta ba su buƙaci lissafin ba, amma yana da kyau da aka rubuta shi da harshen da ofis ke ji.

Ofis ɗin ma ya ɗauki kalmar tamu ya yi gaba da ita. A farkon shekarun 1990 gwamnatin tarayya da Bankin Duniya suka fara shirin Fadama, aka yi na ɗaya, na biyu, na uku, har ya game jihohin ƙasar nan, ya isa inda ba a jin ko "sannu". Kalmar ta samu ofis da mota da allo. Shirin ya amfani mutane, wannan ba gardama: injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, talaka ya samu albasa da tattasai da rani. Sai dai a wannan sabon amfani, fadama ta zama gonar mai injin. Kashi na biyu na shirin ya yi ƙoƙarin shigo da masunta da makiyaya, amma ma'anar ta riga ta zauna a kunnen mutane. Tambayi matashi a yau mece ce fadama, zai ce maka inda ake noman rani. Filin da ake nomawa wata goma sha biyu kuwa ba shi da lokacin kowa sai na mai shi. Shanu su gangaro yadda suka saba, su tarar da albasa a kan burtali, sauran labarin kuma muna jin sa a rediyo kowace shekara. Ban ce kalma ce ta haddasa rikici ba. Ƙaruwar jama'a da ƙarancin ƙasa sun isa su haddasa shi. Amma alƙali ko ɗan majalisar da ya tashi da sanin cewa fadama gona ce kawai, in aka kawo masa ƙarar makiyayi ko masunci, baƙi zai ɗauke su a wurin da kakanninsu suke da rabo.

A hanyar komawa yara suka yi ta gasar kiran sunaye, suna ɓata wasu, kakarsu na gyarawa tana yi musu gori. Autar ta kasa faɗin kirinjijiya, ta yi ta sarƙe harshe har muka hau tudu.

Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar fadamu ta duniya, ta kuma faɗo daidai lokacin da tsuntsayen ƙetare suke nan, ruwa ya ja baya, hanya ta bushe. Wanda bai iya zuwa Baturiya ko Dagona ba, da wuya a rasa tafki ko rafi kusa da garinsu. A fita da sassafe kafin bado ya rufe, a sa wa yara takalman da ba a jin asararsu, kada kuma a bar su su shiga kwantaccen ruwa saboda tsargiya. In akwai tsoho ko tsohuwa a gida da aka haifa a bakin ruwa, don Allah a ba su kujerar gaba a mota, a tafi da su.